Buhun Wake Da Labarinsa

Ga kaka ta yi. An rori wake, an buge, an sheƙe, an ɗura a buhu. Nan da 'yan makonni waɗansu buhunan za su kwana a kasuwar Dawanau ta Kano, waɗansu su zarce Ikko ko Fatakwal, waɗansu ma su ƙetare iyaka. Noman waken mun sha yin maganarsa a wannan fili. Yau labarin da ya kamata ya riƙa bin buhun za mu duba, watau nawa a ke sayensa can gaba, ina ya ke yanzu a kan hanya, daga gonar wa ya fito, kuma me aka zuba masa a sito. Buhu yana da nauyi, amma mota ta kan kai shi. Labarinsa ne ya kan maƙale a hanya, kuma duk inda ya maƙale akwai mai biyan hasarar, galibi mai ƙaramin ƙarfi.

Tun zamanin fatake a ke fama da wannan. Madugu ya kan tashi da ayari daga Kano zuwa Gwanja neman goro, ya yi wata da watanni bisa hanya, ba ya jin abin da kasuwa ke ciki sai in ya gamu da ayarin da ke komowa a wani zango. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ga kuma wayar tangaraho, sai labarin kuɗin gyaɗa ya zama yana zuwa daga Ikko yini guda. Amma fa a ofishin kamfani ya ke sauka, ba ya isa ga mai gona. Daga baya aka kafa hukumomin cinikin gyaɗa da auduga. Su kan yanke kuɗi tun farkon kaka a sanar wa jama'a, ma'aikata su duba kaya, a buga wa buhu alama. Tsarin yana da aibinsa, gama sau da yawa abin da a ke ba manomi bai kai kuɗin kasuwar duniya ba, amma dai kowa ya san farashi. Cikin 1986 gwamnati ta rushe hukumomin nan. Wake kuwa dama cinikinsa a hannun 'yan kasuwa da dillalai ya ke, kowa da kunnensa ya ke aiki.

Cikin 2001 wayar hannu ta shigo Nijeriya, a shekarar nan kuma ta fara a Jamhuriyar Nijar. A Nijar ba lokaci ɗaya aka kafa wa garuruwa turakun waya ba. Bi da bi aka yi daga 2001 zuwa 2006, wannan kasuwa ta samu bana, waccan sai baɗi. Wannan ya ba wata malama Ba'amurkiya, Jenny Aker, damar auna abin da waya ta yi wa cinikin hatsi. Ta ɗauki lissafin farashin gero na kasuwanni wata-wata, ta gwada kasuwannin da waya ta isa da waɗanda ba ta isa ba tukuna. Abin da ta buga cikin 2010 shi ne, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, kuma ragin ya fi yawa inda sufuri tsakanin kasuwannin ke da tsada.

Dalilin ba wuya. Ɗan kasuwar da ke Maraɗi, in yana son sanin abin da gero ke yi a Damagaram, da sai ya shiga mota ya yi tafiyar fiye da kilomita 200, ko ya jira mai dawowa ya ba shi labarin da ya riga ya kwana uku. Da waya ta zo sai ya buga wa mutum huɗu ko biyar kafin ya sha koko, ya aika da kaya inda su ke tsada. Wasu ma suka yi haka, kaya suka yawaita inda babu, farashi ya sauko can, ya ɗan ɗaga nan.

To, sai dai ga abin da ya kamata manoma su saurara da kyau. Daga baya malamar nan da wani abokin aikinta, Marcel Fafchamps, suka duba kuɗin da manomi da kansa ke karɓa a kasuwannin ƙauye. Suka tarar a wake tazarar ta ragu da kamar kashi 6 cikin 100, a gero da dawa kuwa ba su ga canji ba. Abin da ya fi wannan, ba su ga cewa abin da ke shiga aljihun manomi ya ƙaru ba. Bambancin wake da gero kowane manomi ya san shi. Gero ya kan shekara a rumbu lafiya lau, wake kuwa ƙwari ba su barinsa, dole a rabu da shi da wuri. Amma me ya sa manomi bai ƙaru ba?

A ganinmu, sanin farashi ba ya amfanin mutum sai yana da halin yin wani abu da sanin. Ka ji a waya cewa a Dawanau wake ya tashi. Madalla. Buhunka uku ne, kuɗin mota zai cinye ribar, ga bashin taki da ka ci tun damina, ga mai saye ɗaya tak da ke shigowa ƙauyenku ran kasuwa. Za ka sayar masa, ka sani kuma an kwashe ka, abin da wayar ta ƙara maka ke nan, takaici. Wanda ke da mota da sito da jari shi waya ta fi yi wa rana. Maganin abin kuwa tsoho ne, watau haɗa kai. Tirela tana ɗaukar tan 30, buhu 300 ke nan masu kilo 100. Manoma ɗari masu buhu uku-uku sun cika ta. Ranar da shugaban ƙungiya ya buga waya ya ce yana da lodin tirela guda, ranar a ke tambayarsa nawa zai sayar.

Akwai kuma wata matsala da waya ba ta iya warwarewa ita kaɗai, ita ce ta awo. An aiko maka da saƙo cewa buhun wake naira kaza. Wane buhu? Mai kilo 100, ko wanda aka yi wa toliya aka ɗinke da ƙyar? Fari ko ja, manyan ƙwaya ko ƙanana, sabo ko na bara? Mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, tiyar wani gari ta kusa biyun ta wani. Saƙon farashi da bai faɗi nauyi da iri ba jita-jita ne kawai da aka rubuta. Malaman da ke tattara farashi a kasuwa, wannan aikinku ne. Ku sa sikeli, ku rubuta kilo, ku rubuta iri, ku rubuta rana. A Nijar akwai ofishin gwamnati mai suna SIMA da ya daɗe yana tattara farashin kasuwannin amfanin gona, kuma da lissafinsa aka yi binciken da muka ambata. Ba don wani ya riƙa zuwa kasuwa da littafi shekara da shekaru ba, da ba abin da za a auna.

Yanzu an yi ciniki, an yi lodi, mota ta tashi daga Kano za ta Ikko, tafiyar kilomita 1,000 da 'yan kai. A da mai kaya ba shi da sauran abin yi sai addu'a. In ya bugi direba, ya ce masa ga shi a Jebba, alhali yana Kaduna bai ko gyara taya ba. Nan ne na'urar bin sawu ta shigo. 'Yar ƙaramar aba ce, ba ta fi tafin hannu ba, a kan ɓoye ta cikin mota a haɗa ta da batir.

Ga yadda ta ke aiki. Amurka tana da taurarin ɗan adam da a ke kira GPS, ba su kasa 24 ba, suna zagaya duniya sau biyu kullum a nisan kamar kilomita 20,000. Kowannensu yana da agogo mai kyau ƙwarai, yana ta aiko da saƙo ba fasawa, yana faɗin ko shi wane ne, inda ya ke, da lokacin da ya yi magana. Na'urar da ke cikin mota ta kan saurari aƙalla huɗu daga ciki, ta lura da jinkirin da saƙon kowanne ya yi kafin ya iso ta, da haka ta lissafa wurin da ta ke, kuskurenta bai wuce 'yan taku ba. Sauraron taurarin nan kyauta ne, ba ya bukatar kati. Amma cikin na'urar akwai layin waya irin na wayarka, ta nan ta ke aika wa mai mota labari, sai ya ga ɗigo yana tafiya bisa taswira a wayarsa. Wannan kashin shi ke cin kuɗi, shi kuma ke bukatar sabis.

Amfaninta a fili ya ke. Mai kaya yana iya gaya wa mai saye a Ikko ranar da mota za ta shigo, a tanadi wurin saukewa da leburori. In mota ta tsaya inda ba a saba tsayawa ba, ko ta saki hanya, na'urar ta kan yi ƙararrawa, waɗansu ma a kan iya kashe injin motar da su daga nesa in an sace ta. Cikin watan Yuni na 2017 ruwa ya karya gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba, motocin kaya suka yi cirko-cirko. A irin wannan rana mai mota goma da ke ganin inda kowacce ta ke zai juya na baya su bi ta Lokoja tun ba su shiga cunkoso ba. Ga mai wake jinkirin kwana biyu ciwon kai ne. Ga mai tumatir na Kadawa kuwa jarinsa ke nan ya zama ruwa a kwando.

Amma kada a ruɗe ku. Na'urar motar ta ke bi, ba ta san abin da ke bayan motar ba. A ce an tsaya kwana a wani gari, aka soka bututu aka tsiyaye kilo ɗaya daga kowane buhu. Buhu 300 suna nan cif, ɗigon taswira bai motsa ba, amma kilo 300 sun tafi, buhu uku ke nan. Ko a sauke goma masu kyau a ɗora goma masu huji. Saboda haka masu hankali su kan haɗa ta da abubuwan da ba na zamani ba. A auna mota a babban sikeli kafin ta tashi, a sake aunawa in ta isa. A ɗaure tamfal a sa hatimi mai lamba. A ɗauki hoton takardar lodi da lambar hatimin a aika wa mai karɓa ta WhatsApp tun mota ba ta bar tasha ba, yadda ba mai iya canza takarda a hanya.

Direba kuma a gaya masa an sa na'urar, kada a mai da shi ɓarawo tun bai yi sata ba. Direban kirki ma ita ce shaidarsa. In aka tsare shi awa shida a wani shinge, ko ya kwana a layin mai, ba sai ya yi rantsuwa ba, ga lissafi nan. Da ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa za su tara irin wannan lissafi na wata shida, su nuna wa hukuma awa nawa a ke ɓatawa a kowane shinge tsakanin Kano da Ikko, da ƙorafinsu ya fi nauyi.

Sai maganar sabis. Cikin Satumba 2021 hukuma ta rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, aka bi da waɗansu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, har makonni. Na'ura mai kyau ta kan ajiye labarin tafiyarta ta aika in ta sami sabis, amma wanda ya jingina cinikinsa duka ga waya a lokacin ya ji jiki. Kada a jefar da littafi da alƙalami.

Kayan da ke shigowa gona su ma suna da nasu labari. Cikin 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ke Ministan Gona, aka fito da shirin GES. A rubuta sunan manomi da lambar wayarsa, a aiko masa da saƙo, ya je wurin dillalin taki da aka yarda da shi ya karɓi buhu biyu masu kilo 50 a rabin kuɗi, da ɗan iri. Ministan ya ce a tsohon tsari kashi 11 cikin 100 na manoma kaɗai ke ganin takin gwamnati. Dabarar ita ce, kowane buhu da ya fita a san hannun da ya shiga. Miliyoyin manoma sun shiga rajista, amma an sha wuya inda ba sabis, da inda manomi ba shi da waya ko bai iya karanta saƙon ba. Har aka gwada kati a Jihar Sakkwato da yankin Abuja, wanda a ke dangwala shi jikin na'ura ba sai da sabis ba. Abin da ya durƙusar da shirin a ƙarshe ba laifin waya ba ne, bashi ne da dillalan taki suka biyo gwamnati. Wata dabara da ta wanzu ita ce lambar da a ke kankarewa a aika ta waya a ji ko kaya na gaske ne. Hukumar NAFDAC ta fara ta a kan magunguna cikin 2010, daga baya hukumar kula da iri ta ɗauka. In ka ga irin wannan lamba a jikin ledar iri, kankare ka aika tun kana gaban mai kanti.

Mu komo ga buhunmu, gama sauran labarinsa shi ya fi tsada. Cikin Yuni 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Dalili, tun daga Janairu 2013 an kama kaya fiye da sau 50, kusan duka saboda maganin ƙwari mai suna dichlorvos, wanda mu ke kira fiya-fiya. Ƙa'idarsu ita ce kada ya wuce miligiram 0.01 a kilo guda, aka sami wanda ya kai 4.6, watau ninki 460. Da farko hanin na shekara guda ne, sai aka yi ta sabunta shi.

Ku lura da yadda hukuncin ya faɗi. Ba a ce an hana waken sito kaza ko na ɗan kasuwa wane ba, ƙasa ɗungum aka hana. Manomin da bai taɓa ɗiga wa wakensa komai ba ya sha hukunci ɗaya da wanda ya tuttula masa guba, domin ba mai iya rarrabe buhun wannan da na wancan. A dokar abinci ta Turai kuwa, duk mai cinikin abinci dole ya iya faɗin wanda ya saya a hannunsa da wanda ya sayar wa, taki ɗaya baya, taki ɗaya gaba. In kowa ya riƙe nasa, sai a bi sawu daga kanti har gona, a janye kayan da suka ɓaci kaɗai, sauran su wuce. Kuma kada mu manta, waken da Turawa suka ƙi kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawansa mu ke ci, da mu da 'ya'yanmu, a ƙosai da alale da shinkafa da wake, ba wanda ya gwada mana.

Yaya za a yi haka a kasuwar da dillali ke juye waken mutum goma cikin buhu guda? Ba lalle sai an bi kowace ƙwaya ba. A kan yi shi rukuni-rukuni. Duk waken da aka tara a gari kaza, ran kaza, a ba shi lamba guda, a manna wa kowane buhu takarda mai zanen nan na layi-layi ko mai murabba'i da waya ke karantawa da kyamararta. Malamin sito ya haska in buhu ya shigo, ya haska in ya fita, mai karɓa a Ikko ya haska. Kowace haskawa tana rubuta wuri da lokaci da kanta. In aka gwada rukuni a ɗakin gwaji aka sami guba, an san siton da ya kwana da wanda ke riƙe da mabuɗi.

Wurin da abin ke lalacewa shi ne hannun mai rubutawa. In malamin sito ya rubuta ba a sa magani ba alhali an sa, waya za ta kai ƙaryar Ikko kafin ƙiftawar ido, ta fi ta baka ma saurin karɓuwa tun da a rubuce ta ke. Don haka gwaji ba ya faɗuwa, kuma gyaran gaske a sito ya ke. Buhun nan mai ciki uku da a ke kira PICS, leda biyu cikin buhun saƙa, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa a ƙasashenmu tun daga 2007, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba ko ɗigon magani. Rukunin da aka ajiye a cikinsa yana da abin da zai rubuta da alfahari.

Tambayar da manomi zai yi ita ce, wa zai biya wahalar nan? Tambaya ce ta gaskiya. Muddin buhu mai lamba da buhu marar lamba kuɗinsu ɗaya a kasuwa, ba mai ɓata lokacinsa. Dole mai saye, kamfani ne ko mai fitar da kaya waje, ya ɗora wani abu a kai, a kuma faɗi adadin tun kafin shuka. Amma alamu sun nuna inda aka dosa. Cikin 2023 Tarayyar Turai ta yi wata doka saboda sare dazuzzuka, wadda ta ce koko da roba da manja da waken suya da waɗansu kaya sai an nuna wurin gonar da suka fito bisa taswira. An ɗaga ranar fara aiki da ita, amma masu noman waken suya su san da zancen. In ma'aikacin wani kamfani ya zo zagaya gonarka da waya yana ɗaukar iyakarta, tambaye shi wa zai riƙe labarin, me za a yi da shi, kuma ka nemi a ba ka kwafinka. Lambar sirrinka ta banki kuwa ba ta cikin abin da a ke tambaya, kowa ya nema kada ka bayar.

Ƙungiyar da ke son farawa bana ba sai ta jira kamfani ko na'ura ba. A sami sikeli guda, da littafi, da malami mai amana. Kowane mai kawo wake a rubuta sunansa, da unguwar da gonarsa ta ke, da iri, da kilo, da rana, da yadda aka ajiye shi, in an sa magani a faɗi sunansa da ranar da aka sa. A rubuta lambar rukuni da fenti a jikin buhu, manya-manya, gefe biyu. Ran lodi a ƙara lambar mota da sunan direba da na mai karɓa, a ɗauki hoton shafin a aika wa mai saye da mutum biyu cikin 'yan ƙungiya. Littafin kuma a ajiye shi inda gara ba ta kaiwa, har waken baɗi ya shigo.